Amsa ga ɗan uwan da ke son hawa Sukur

Wani ɗan uwa daga Kano ya turo tambaya, ya ce ya ga hotunan wani ƙauye a saman dutse a jihar Adamawa ana ce masa Sukur, shi da abokansa huɗu suna son zuwa a hutun ƙarshen shekara. Yana tambaya ya hanya take, me za su gani, akwai tsaro kuwa, kuma wai ya kai a sha wahalarsa? Har ya ƙara da cewa ko kamar Dutsen Zuma ne da aka ɗora wa gidaje a ka.

Toh ɗan uwa, wa alaikumus salam. Bari in fara da ta ƙarshen don ita ce ta sa ni dariya, kuma ita ce ke sa mutane su dawo suna ƙorafi. Sukur ba Zuma ba ne. Zuma curin dutse ne guda ɗaya, ka tsaya a bakin titin Kaduna zuwa Abuja ka ɗaga kai ka ce subhanallah ka ɗauki hoto ka shiga mota ka wuce. Sukur kuwa tudu ne a cikin jerin duwatsun Mandara, waɗannan da suka raba mu da Kamaru, tsayinsa ya ɗan haura mita 1,000 daga matakin teku, kuma daga ƙasa in ka kalle shi ba wani abin da zai ce maka ga ni nan, duwatsu ne birjik irin na yankin. Sai ka hau za ka gane abin da ake magana. Ni karatun tarihi da tone-tonen kayan tarihi na yi, na hau wurin sau da dama, wani zuwan da ɗalibai wani zuwan ni kaɗai da ɗan rakiya, kuma abin da nake gaya wa kowa kafin mu tashi shi ne, dutsen na Allah ne ba gardama, amma abin kallon shi ne aikin da hannun mutane ya yi da dutsen. In ba ka sa wannan a ranka ba za ka hau ka ga bukkoki da awaki ka ce au dama wannan ne?

Hanya tukuna. Daga Kano ku bi ta Gombe, Kaltungo, Numan ku shiga Yola ku kwana, ko in aljihu da nauyi ku hau jirgi zuwa Yola. Akwai yanke ta Biu da Garkida da ke ɓullewa Gombi, direbobi za su ce muku ta fi kusa, gaskiya ne ta fi kusa amma ni ba na ba baƙo shawarar ta. Daga Yola sai arewa: Girei, Song, Gombi, Hong, Mararrabar Mubi, Uba, Michika, har Gulak wadda ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Madagali. Tafiyar ta doshi kilomita 300, ga shingayen sojoji, saboda haka kowa ya riƙe katin shaidarsa a aljihun gaba ba a ƙasan jaka ba, kuma dan Allah kar wani ya fito da waya yana bidiyo a shinge, na ga yadda wannan ke cinye wa mutane awa biyu a banza. Masauki ku nema a Mubi ko Michika, ku yi sammako.

Maganar tsaro ba zan yi maka kwana-kwana ba. Madagali tana iyaka da Gwoza, dajin Sambisa ba nisa. A 2014 Boko Haram sun kama Madagali da Michika har Mubi, kuma a watan Disamba na shekarar sun hau Sukur ɗin kanta sun ƙona gidaje da rumbuna, fadar sarki ma ba ta tsira ba. Mutane sun dawo sun sake rufin ɗakunansu suna noma, amma yankin ya ci gaba da ganin hare-hare jefi-jefi shekaru bayan haka. Lamarin can na mako-mako ne, labarin da wani ya ba ka na watan jiya bai isa ka ɗora tafiya a kai ba. Abin yi shi ne ku tuntuɓi ofishin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da ke Yola, su ke kula da wurin, su haɗa ku da ɗan gari, sannan a satin da za ku tashi ku sake kira. In ɗan gari ya ce a dakata, a dakata, ko da kun riga kun biya kuɗin mota. Kuma ba tafiyar dare, la'asar ta same ku ko dai a sama kun yanke kwana, ko kuna cikin gari.

Yanzu hawan. Mota tana tsayawa a ƙauyukan gindin dutse, nan ake ce wa Sukur Ƙasa, can saman kuma Sukur Sama, haka da Hausa ake kiransu har a takardun hukuma. Daga nan sai ƙafa. Kuma nan ne abu na farko da zai ɗaure maka kai, don ba hanyar awaki za ka bi ba, hanya ce shimfiɗaɗɗiya da faifan duwatsu, an jera su ɗaya bayan ɗaya tun daga ƙasa har sama, inda ya yi tsayi a yi matattakala inda ya kwanta a shimfiɗe, a wasu wuraren faɗinta ya kai mita 5. Ba siminti, ba laka, ba katafila. Ka tsaya ka dubi dutse ɗaya daga ciki, wani sai ƙarti huɗu sun taru kafin su motsa shi, sannan ka ɗaga kai ka ga hanyar tana ta tafiya tana lanƙwasa har ta ɓace maka. Saman duwatsun ya yi sulɓi saboda tafin ƙafar mutane na ɗaruruwan shekaru.

Zuwana na farko na yi wauta, na sa sabon takalmi sau ciki da na saya don tafiyar, ga robar ruwa ɗaya tal. Kafin rabin hanya diddigena ya saɓule, ruwa ya ƙare, na zauna a kan wani dutse ina haki kamar an biyo ni. Sai ga wata tsohuwa, wallahi ta haifi babata, ɗauke da buhun da ta sayo daga kasuwar ƙasa, silifas ɗinta ɗaya an ɗaure da waya, ta zo ta wuce ni ba ko nishi, ta waiwayo ta ce "sannu ɗana, saura kaɗan". Ba kaɗan ba ne ya rage, kusan awa guda ce. Mu 'yan birni ku ware awa biyu ko fiye, su kuwa ba sa kai haka. Ku sa tsohon kambas da ƙafa ta saba da shi, kowa ruwa lita 2 aƙalla, ku fara hawa kafin ƙarfe bakwai.

A kan hanya za ku ratsa ƙofofi na dutse, ɗan rakiya zai nuna muku wadda kowa ke bi da wadda aka keɓe wa sarki. Ku bi inda ya ce kawai.

Abu na biyu, kuma a wurina shi ne babba duk da shi ne mutane suka fi wucewa ba su kalla ba, gonaki. Duk jikin tudun an yanka shi hawa-hawa kamar matattakalar bene, kowane hawa an tokare shi da ƙaramar katangar dutse. Ka yi tunani, gangare ne, in aka yi ruwan sama irin na Agusta duk ƙasar da ke kai ya kamata ta wanke ta gangara kwari cikin damina biyu uku. Abin da katangar ke yi shi ne ta karya gudun ruwa, ruwan ya tsaya ya nutse, ƙasar da ya kwaso ta kwanta a bayan katanga maimakon ta tafi. Kuma rashin siminti da wasu ke gani kamar talauci shi ne dabarar, don ruwan da ya yi yawa yana tsiyayewa ta tsakanin duwatsun a hankali, da a ce toshe take ruf da nauyin ruwa ya ture ta. Sannan duwatsun da aka tsince daga gonar su ne aka yi katangar da su, kaga an share gona an kuma samu kayan gini. Duk shekara kafin shuka sai an bi an gyara inda ya zube, shekara biyu uku aka yi sakaci gonar kakanka ta bi ruwa. A nan suke noma dawa da gero da wake da gyaɗa. Na taɓa zama da wani magidanci yana gyaran tasa, ya ɗauki dutse ya jujjuya shi a hannu sau uku ya ajiye ya ɗauki wani, na ce baba wancan fa me ya yi, ya ce bai zauna ba. Ni dai a idona duk ɗaya ne.

Taki kuma daga ina? Nan za ka ga wani abu da ban taɓa gani a ƙasar Hausa ba. Mu muna turke sa a tsakar gida ko bayan gida, su kuwa rami suke yi zagayayye a gina shi da dutse, a sa san a ciki, ciyawa da ruwa a kai masa har inda yake, ya yi ta ƙiba ba ya yawo. Sa a wurinsu dukiya ce ta mutunci, ta aure da biki da kyauta, kashinsa kuma ya tafi gona. Gidajen ma haka, katangar dutse ta zagaye, ɗakuna zagayayyu da jinka, rumbuna, masussuka a kan fa, rijiyoyi da aka gina bakinsu da dutse. Duk inda ka juya dutse ne aka ba shi aiki.

Sai fadar Hidi, haka ake kiran sarkin Sukur. Kar ka sa ran soro da zane irin na Gidan Rumfa. Babban gida ne na jerarren dutse a gefen tudu, da ƙofofi da lunguna da filin da ake taruwa, wani sashen ya zama kango. A bakin ƙofa akwai dogayen duwatsu biyu a tsaye da ake kira Fula da Deve, sunan wasu ƙattai biyu da labarin gargajiya ya ce su suka yi aikin ginin. Ɗalibaina kan yi dariya in an ba da labarin, ni kuma in ce musu ku da kuka yarda Barbushe yana kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka ya kawo Dala, me kuke wa dariya? Ko'ina mutane suka ga aikin da ya fi ƙarfin tunaninsu sai sun nemo masa ƙato.

Tambayar da ya kamata ka yi ita ce, me ya sa ƙauye a kan dutse ya samu ƙarfin yin wannan aiki haka? Amsar ƙarfe ce. Daga wajen ƙarni na 17 zuwa farkon na 20 Sukur babbar cibiyar narka tama ce. Tamarsu ba haƙa rami ake ba, baƙin yashi ne mai ƙyalli da ruwa ke wankowa daga jikin duwatsu ya tara a ƙoramu, a kwaso a rairaye. In kana da maganaɗisu ka tafi da shi ka gwada a bakin ƙorama bayan ruwa, za ka ga ya kama. Murhunsu ma daban yake, bututun laka dogo ne ake sakowa daga sama ya nutsa cikin gawayi, mai zuga yana zaune a can sama yana buga zuga-zugi, iska tana sauka ƙasa. Kuma ba maƙera kaɗai ke narkawa ba, manoma ne da kansu suke yi da rani, maƙera su tace su ƙera. Fatake daga Borno da kewaye suna zuwa sayen ƙarfen, ana kawo musu hatsi da kaya, sarki yana samun rabonsa. Wannan hanyar dutse da ta saɓule min ƙafa kenan ba don ado aka yi ta ba, hanyar kasuwa ce da ta sarauta. Har Heinrich Barth, Bajamushen matafiyin nan da aka sani da Abdulkarim, da ya ratsa yankin a 1851 daga Kukawa zai je Yola ya ji labarin ƙarfin sarkin Sukur ya rubuta, duk da bai hau ba. Abin da ya kashe sana'ar ba ɓoyayye ba ne, ƙarfen Turawa da tarkacen mota suka cika kasuwa da araha, wa zai kwana yana zuga? Zuwa wajen 1960 an daina. Amma har yanzu in ka duba ƙasa za ka ga kashin maƙera, baƙi mai nauyi mai ƙuraje-ƙuraje, da ragowar murahu. Ka ɗauka ka duba ka mayar inda ka gan shi, kar ka sa a aljihu. Ku Kanawa ma ai tushen naku kenan, Dala da maƙera da tama.

Akwai wani ɓangare na tarihin da nake so ka sani kafin ka je, don kai Bahaushe ne daga Kano kuma za ka ji sunan. Hamman Yaji, hakimin Madagali, Bafulatani, ya yi shekaru yana kai hari kan mutanen duwatsun nan yana kama bayi, har da Sukur, kuma ba zargi ba ne don shi da kansa ya bar littafin da ake rubuta masa abubuwan da yake yi kullum daga 1912 zuwa 1927, shekarar da Turawan Ingila suka tuɓe shi. Jikokin waɗanda aka kama suna nan da ransu. In dattijo ya ɗauko zancen ka saurara kawai, ba wurin kare kowa ba ne kuma ba wurin musu ba ne. Wani ɗalibi ya taɓa cewa ai an yi ƙari a labarin, wurin ya yi tsit, sai da ɗan rakiyarmu ya yi ta ba da haƙuri da yarensu. Yankin kansa ma a da ƙarƙashin Jamus yake a cikin Kamaru, bayan yaƙin duniya na ɗaya ya faɗa hannun Ingila, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya zaɓi Najeriya. A 1999 UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, shi ne na farko a Najeriya gaba ɗaya, kurmin Osun na Osogbo ya biyo baya a 2005.

Yarensu Sakun, kuma abin sha'awa dangin Hausa ne na nesa, duk cikin rukunin harsunan da ake kira Cadi suke, amma kar ka sa ran za ka tsinci ko kalma. Da Hausa za ku yi magana, yawanci suna ji, dattawa wasu da Fulatanci.

Zancen ladabi, wanda shi ne ya fi sa ni rubutu da tsawo. Wurin nan ba gidan tarihi ba ne da ake kullewa da yamma, gidajen mutane ne. In ka leƙa katanga tsakar gidan wani ka leƙa, matarsa na ciki tana tuƙa tuwo. Da kun isa a fara kai ku gaisuwa wurin Hidi ko wakilinsa, ku riƙe ɗan abin gaisuwa, ɗan rakiya zai gaya muku abin da ya dace da yadda ake shiga. Hoto a tambaya, musamman mata da tsofaffi. Sannan akwai wuraren ibadar gargajiya, kuma matsalar ita ce ba za ka gane su ba, wani ɗan dutse ne a tsaye, wani tukunya ce a kife a gindin kuka, wani tarin duwatsu ne a bakin hanya. Abokin tafiyata ya taɓa gajiya ya ɗora ƙafa a kan wata tukunya yana ɗaure igiyar takalmi, abin da ya biyo baya bai yi daɗi ba, sai da muka yi zaman ban haƙuri. Kafin ka zauna a kan dutse ko ka taɓa tukunya ka ce "a nan fa?", shikenan. Akwai Kiristoci, akwai Musulmi, akwai masu gargajiya, kuma burkutu na cikin al'adarsu ta biki da karɓar baƙo. In an miƙo maka ka ce na gode ba na sha, ba wanda zai ji haushi, sun saba. Abin da ke ɓata rai shi ne yatsine fuska da a'uziyya da ƙarfi, ko mutum ya mayar da ziyara wa'azi. Ka tafi da butarka da dadduma, ka tambayi inda za ka yi salla za a nuna maka wuri mai tsabta, kuma sallar asuba a kan fa a can sama, iska na kaɗawa gari na wayewa ta ɓangaren Kamaru, ni dai ban manta da ita ba.

Lokacin da kuka zaɓa, Disamba, yana da kyau ta wajen hanya a bushe take kuma ba zafi sosai, amma hazo zai iya rufe muku hangen nesa, gonakin kuma an girbe sai kara. Da dare sanyi ne na gaske, ku ɗauki rigar sanyi da bargo. Da ni ne zan zaɓi ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, dawa ta nuna, sama garau. Agusta ya fi kowane lokaci kore amma duwatsun santsi kamar sabulu. Wajen Fabrairu kuma ake bikin Yawal, in kuna son ganin taro.

Netwok sai an yi sa'a a wani tsauni, wuta babu, ku cika pawa bank. Kuɗi a hannu, ƙanana, ba mai POS a sama. Abinci ku hau da ɗan naku, burodi, ƙuli, dabino, garin kwaki, kuma duk leda da robar da kuka hau da ita ku sauko da ita. Ɗan rakiya ku yi ciniki da shi tun a ƙasa ku biya shi da kyau ba tare da ƙwauro ba, in kuma an ga kayan hannu ana sayarwa a saya, ya fi raba wa yara naira hamsin-hamsin, wannan ɗabi'ar bara kawai take koya musu.

Ya kai a sha wahalar? In burinku selfi ne a dawo, kuɗin motar ya yi yawa, ku je Tiga ko Dutsen Kufena ku huta. In kuwa za ku iya zama awa guda kuna kallon yadda aka jera katanga, ku tambayi dattijo yadda babansa ke narka tama, toh ya kai har ya yi rara, kuma in tsaro ya ba da dama aka yarda muku ku kwana ɗaya a sama, wanda ya hau ya sauko a wuni ɗaya rabin abin ya gani.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, kar ku raina ta. Kowa ya samu sanda tun a sama, mai ciwon gwiwa a cikinku ya ɗaure ta tun kafin a fara, kuma ku ce wa direba ya jira ku a ƙasa da ƙarfe biyu, kar ku biya shi duka sai kun sauko.